Sallar Malam Idi a Duniyar Wata

Laraba da dare, Maris 1984, unguwar Goutte d'Or

Mujallarmu ta masu son labaran sararin sama ta iso daga Lyon. Na buɗe labarina, sai na ga Gérard, mai buga ta a garejinsa, ya yanke shafin da Malam Idi, ɗan sama jannatin labarin nawa, ke neman alƙibla a duniyar wata.

Na kira shi. Wai, "Issa, wanda ya kai wata ai ya wuce salla." Amma nasa ɗan sama jannatin yana can shafi na tara yana kwankwaɗar giya. Na kife masa waya.

Gobe zan nemi injin bugawa nawa na kaina, ko da tsoho ne. Malam Idi zai yi sallarsa, ko mutum biyar ne za su karanta.