Awa Biyu Kafin Shan Ruwa

Zuwa ga Shugaban hukumar da ke gwada 'yan tseren keke kan shan ƙwayoyin ƙara kuzari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sau uku ina rubuto maka da Turanci, sau uku ana maido mini da amsa iri ɗaya, ko sa hannu babu. Yau na rubuta da Hausa, a fili, don ko kai ba ka gani ba, mutanena da ke yin shiru in na shigo masallacinmu na Old Trafford a Manchester su gani.

Ni ɗan Funtuwa ne. Karatun injiniya ya kawo ni Manchester. Ina taka keke daga Fallowfield zuwa jami'a wani koci ya gan ni, ya kai ni filin tsere mai daɓen katako. Shekara bakwai na yi ina zagaya daɓen nan a kan keke mara birki, shi ne sana'ata. Kun gwada ni ban san iyaka ba, ba ku taɓa samun komai ba.

Na ɗaya, ga abin da ya faru. Azumi ne na tsakiyar zafi, ba a shan ruwa sai tara da rabi. Jami'inku ya same ni a filin tseren ƙarfe biyar, na gama atisaye, gumi ya kwashe ruwan jikina kaf. Ya ba ni kwalbar fitsari mai layin awo, ko rabin layin ban kai ba. Ya miƙo ruwa, na gaya masa ina azumi, ya yi haƙuri rana ta faɗi. Muka zauna. Bakwai da rabi sai ga mai gadi da makullai, domin tun da aka tsuke bakin aljihu aka rage lokacin buɗe ginin. Da sai goma ake rufewa. Jami'in ya ba ni takarda, na sa hannu, a zatona gobe zai dawo. Abin da ya zo wasiƙa ce: wai na ƙi gwaji, an dakatar da ni shekara huɗu.

Na biyu, laifina ba zan ɓoye shi ba. Ban karanta takardar ba. Ban ce ya biyo ni gida ba. Daga baya ma wani malami ya ce da na sha ruwan na rama azumin. Na yarda. Amma ai ƙa'idarku ce ta ce jami'i ya zauna da ɗan tsere har sai ya iya. Awa biyu ce ta rage. Kuma har yau ba wanda ya tambayi mai gadin nan wa ya tashe mu.

Na uku, ni ba maƙiyin gwaji ba ne. Na san zafin zuwa na huɗu a bayan mutumin da ƙafarsa ba ta gajiya, wanda kuka kama daga baya. Ranar na gode muku. Yanzu sunana na ƙarƙashin nasa a jerin waɗanda aka dakatar.

Shekara biyu ke nan. Na koma Aston a Birmingham, ɗaki ɗaya, ina kai wa mutane abinci a keke. Dokarku ta hana ni atisaye da abokan tserena, sai wayar ma ta yi shiru. Mahaifina ya daina tambayata labarin tsere, sai dai ya ce yaya sanyi. Keken tseren na rataye a bango, duk Juma'a nakan ba shi iska. Shekarata talatin da ɗaya, ranka ya daɗe, ƙafa kuwa ba ta jiran takarda. In na cika huɗun nan, na gama.

Roƙona, a sake buɗe maganar, a kira mai gadin tun bai manta ba. Sannan ga azumi ya ƙarato: ku sake aiko jami'in nan, ranar da kuka so, ba sanarwa. Ba na riƙe da shi a zuciya, shi ma korarsa aka yi daga ginin ranar. Ɗakina ba a rufe shi bakwai da rabi. Kujera ɗaya ce, shi zai zauna. Akwai dabino, kuma na daɗe ban sha ruwa da kowa ba.

Allah ya ba ka ikon adalci, ya tsare ka da yanke wa wani hukunci cikin gaggawa, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Habibu Funtuwa,
Aston, Birmingham.