Na Zana Dutsen da Malamina Bai Sani Ba

Goggo Sumie, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Shekarata arba'in da ɗaya, sha tara daga ciki a gaban Malam Kuroiwa na yi su ina koyon zane irin na gargajiya. Shi ya koya mini daka dutse ya zama garin launi, da narka gam a ɗan kasko, da kwaɓa su da yatsa. Shekara uku ina wanke kasake kafin ya bar ni na riƙe buroshi. Mutum ne mai faɗa, ko sannu ba ta cika fita daga bakinsa ba, amma ba ni da uban da ya wuce shi.

Bara haikalin ƙauyenmu ya nemi ya zana musu ƙyamaren takarda guda takwas na babban zaure. Ya fitar da fasalin aikin: dutsen da ke bayan gari, lulluɓe da itatuwan da ake kira matsu, masu ganye kamar allura, kore shar, kamar yadda malaminsa ya zana, kamar yadda malamin malaminsa ya zana. Kafin a ɗora launi idanunsa suka tafi, likita ya ce ba gyara. Sai ya ce ni zan ƙarasa, shi kuma ya buga hatiminsa a ƙarshe, yadda aka saba aikin almajira ya fita da sunan malaminta. Har ya damƙa mini tulun koren dutse da ya gada daga malaminsa, wanda ya shekara talatin yana adanawa.

To Goggo, dutsen nan ba kore ba ne yanzu. Cuta ta kama itatuwan, sun bushe a tsaye, jajaye kamar tsatsa, gora ta cinye gindin dutsen. Kullum ta taga nake ganinsa. Na zauna gaban farar takarda wata guda cur, hannuna ya ƙi. Ran nan na hau dutsen na ɗebo jar ƙasarsa, na tankaɗe, na kwaɓa da gam, na ce bari na gwada a ƙyaure ɗaya kawai. Ban farga ba sai da na cika takwas ɗin. Ga kututturan da suka mutu, ga barewa tana cin ɓawo, ga 'yan tsiron da ke leƙowa ta ƙarƙashin gora. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Tulun koren ko buɗe shi ban yi ba.

Kullum da la'asar nakan kai wa Malam shayi da wainar shinkafa, ya tambaye ni ina aka kwana. Ranar farko na ce koren ya hau lafiya, don na ga yadda ya karkato da kunne yana jira. Daga nan ƙarya ta yi ta haihuwa. Wata takwas ke nan ina siffanta masa itatuwan da babu su, reshe bayan reshe, yana gyara mini. Makon jiya ya ce, "Ke dai ba ki da saurin ganewa, amma ba ki taɓa yi mini ƙarya ba." Na fita waje na yi kuka har na gode Allah.

Babban mai kula da haikalin ya ga zanen. Ya ja iska ta haƙora, ya ce lallai abin da wuya, kin san halin mutanenmu, ba sa fitowa fili su ce abu bai yi musu ba. Saura kwana goma sha biyu a buɗe zauren. Za a riƙo hannun Malam gaban duk ƙauye ya buga hatiminsa a kan abin da bai sani ba. In na faɗa masa, ina tsoron zuciyarsa, shekararsa tamanin da huɗu. In na yi shiru, na sa shi sa hannu a kan ƙarya, kuma wata tsohuwa sai ta yi suɓutar baki a wurin. In sake aikin? Launi kaɗai sai ya yi wata biyu yana hawa yana bushewa. Gaba kura, baya siyaki. Abinci ma ya daina yi mini ɗanɗano. Ya zan yi?

Almajirar da Ta Rasa Tudun Dafawa

*

'Yata, share hawayenki mu raba abin nan gida biyu, don kin haɗa su kin ɗaure da igiya ɗaya.

Zanen ba laifi ba ne. Waɗanda suka fara zana dutsen nan kore, kore suka gan shi. Kin yi abin da suka yi, kin kalli dutse kin zana. Amma kada ki raina abin da Malam yake so. Shi da mutanen ƙauyen suna iya son haikalinsu ya riƙe musu dutsen da suka taso da shi, tunda na waje ya tafi. Wannan ma buƙata ce mai nauyi, kuma aikin nasa ne, amana aka ba ki. Ranar da hannunki ya ƙi, ranar ya kamata ki je ki faɗa.

Laifin yana wurin shayin la'asar. Ba tausayinsa kaɗai ya rufe miki baki ba, har da tsoron kada ya ce a'a, ke ma kin sani. Zancen zuciyarsa kuwa, tsohon da ya jure rasa idanunsa zai jure magana. Abin da ba zai jure ba shi ne ya ji a bakin wata, a tsakiyar taro, hatimi na hannunsa.

Ki je gobe da safe, ke kaɗai, kada ki aika mai kula da haikali ya yi miki shimfiɗa. Ki mayar masa da tulunsa a rufe. Ki fara da ba shi labarin dutsen yadda yake yau, don wataƙila kowa ɓoye masa yake yi, sannan ki faɗi abin da kika zana, sannan ki nemi gafara a kan wata takwas ɗin nan ba tare da kawo hujja ba. Daga nan ki yi shiru, hukunci nasa ne. In ya ce a sake, ki je haikali da kanki ki roƙi a ɗage ranar, kunyar taki ce, ki ɗauka. In ya hana hatiminsa, ki buga naki, kin isa.

Ba zan yi miki alkawarin zai yafe ba. Yana iya cewa kada ki sake taka masa gida, kuma zai yi zafi. Amma mutumin da ba ya gani, duk duniyarsa ita ce abin da mai jagoransa ya faɗa masa. Ke ce idanunsa yanzu, 'yata, ki bar shi ya gani.

Ina yi miki fatan ƙarfin zuciya, shi kuma Malam sauƙi da tsawon rai.

Goggo Sumie