Taraktarmu da Albasar Garou

Assalamu alaikum Yaya Isuhu. Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya zaman Kumasi? Ya Hajara da yara? Mu nan Malanville lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ni dai raina a ɓace yake. Ƙaramar taraktar da ka saya muna tana kwance garaji. Ranar kasuwa Kawu Bello ya karɓi makulli zai ɗauko albasarshi daga Garou. Na ce mishi, "Kawu, wannan ba ta da giya irin ta manya, mai ne ke tura ta. Tirelar kuma ba birki, kada kaya su fi taraktar nauyi." Ya ce yaushe aka haife ni.

Ka san halinshi, ba ya iya ce wa maƙwabci a'a. Duk wanda ya gani bakin hanya da buhu, sai ya ce a ɗora. Mai ya yi zafi, taraktar tana ta kuka, bai tsaya ba. A gangare kayan suka ture shi cikin rami. Allah ya kiyaye, goshi kawai ya fashe.

Ga lokacin shinkafa ya zo, ba abin huɗa. Masu buhuna sun kwashe albasarsu, ko sannu. Kuma wai ni zan ba Kawu haƙuri, don na yi mishi baki!

Ka kira shi, kai yake ji. Ka sa mu addu'a, ka gaida mutanen gida. Makullin dai yanzu a wuyana yake. Ko Inna ta aiko, ba ni bayarwa.

Ƙaninka,
Sani