Rufin Azurfar da Mama Ta Wanke da Tsamiya

Anti Nirmala, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Mahaifina tsohon mai sayar da yadi ne a nan Indore, amma zuciyarsa ba ta taɓa zama a kanti ba, tana kan tsofaffin kuɗi. Abin alfaharinsa wani rufi ne, wato tsabar kuɗin ƙasarmu, na azurfa na zamanin Turawa. Shekarun baya ya aika da shi wani kamfanin tantancewa, suka rufe shi cikin gidan roba, suka ba shi maki sittin da huɗu cikin saba'in, wato kamar hannu bai taɓa shi ba. Tun daga nan ba baƙon da zai sha shayi a gidanmu bai ji labarin sittin da huɗu ba.

Yanzu idon Baba ya kusa tafiya, likita ya ce ba gyara. Ni ce idonsa. Sai ga abokinsa Kawu Feroz, wanda suka tsufa suna gardama, ya ce masa a gaban jama'a, "Kai Kailash, kamfanin nan ko marfin kwalba ka aika musu sai sun ba shi sittin!" Baba ya yi zuciya. Ya rantse sai ya fasa robar ya aika wa masu tantancewa masu tsanani, su rufe wa Feroz baki.

Baba ya miƙo mini gilashin dubawa ya ce in duba masa. Anti, na ga ƙananan ƙarce-ƙarce birjik, kuma na san mai su. Kafin a rufe shi a roba, duk bikin Diwali, da zarar Baba ya fita kanti, marigayiya Mama takan ɗauko rufin ta dirje shi da tsamiya da toka, ta ce ita ba za ta ajiye kuɗin da ya yi baƙi a wurin bauta ba. Ya hana ta ya hana, ta ce masa ba ta taɓa ba. A wajen masu wannan harka kuwa, kuɗin da aka goge ya mutu.

Na ce masa hasken ɗakin bai isa ba. Kullum sai ya tambaye ni ko hasken ya isa. In na yi shiru, baƙi za su rubuto masa "an goge", Feroz ya yi dariya. In na faɗa, na kashe masa abu ɗaya da ya rage yana tashi dominsa, na kuma tona asirin wadda ba ta nan balle ta kare kanta. Wallahi na gaji, ko ganin robar nan ba na so.

Idon Baba, Indore

Ƙanwata,

Ba zan yaudare ki ba. Ƙarcen nan ba ya gyaruwa, kuma masu tsanani za su gan shi kafin su gama zama. Maki ra'ayin mutum ne aka rufe a roba. Akwai masu tantancewa na kirki, kuma suna da amfani, sun hana jabu yawo. Akwai kuma masu sakin hannu don a sake kawo musu aiki. Feroz ba shi da ladabi, amma bai yi ƙarya ba.

Kada ki bari a fasa robar, kada kuma ki ƙara fakewa da haske. Mutumin da ya ba ki amanar idonsa, in ya gano kin rufe shi, ya makance sau biyu. Ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, ki faɗa masa abin da kika gani, har da tsamiyar.

Sannan ki yi tunanin wannan. Mahaifinki ya ƙare rayuwarsa da gilashi a ido. Kina jin ƙarcen da kika gani a kallo ɗaya shi bai gan shi ba lokacin da idonsa ke garau? Me ya kai shi wajen masu sassauci tun farko? Ina zaton ya daɗe da sani, ya sa aka rufe ne don kada kowa ya ce matarsa ta ɓata masa kaya. Zafin maganar Feroz ne ya ɗebe shi.

Wataƙila na yi kuskure, ya yi fushi, ya daina zancen kuɗin gaba ɗaya. Ki shirya wa hakan, don ba ni da hanyar da ba ciwo. Sittin da huɗu dai ya tafi. Abin da ya rage a robar nan aikin hannun mahaifiyarki ne, kuma ke kaɗai ce za ki iya gane masa shi yanzu.

Ubangiji ya ba ki ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar Baba.

Anti Nirmala