Saƙon da maigidana ya bar wa ƙaninsa har yau yana bakina

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Ni tsohuwa ce, ban iya rubutu ba, ina faɗa ne maƙwabciyata tana rubutawa a wayarta. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku zage ni, kukan da nake yi ya ishe ni.

Saura kwana tara in fita takabar maigidana. Muna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa, shi da ƙaninsa masunta ne, kwalekwale ɗaya suke shiga, har suka ɓata a kan iyakar gona, shekara ashirin ko gaisawa ba sa yi. Ranar rigimar ƙanin ya nuna ni a gaban mutane ya ce, "Wannan matar ce take zuga ka." Ban taɓa mantawa ba.

Ranar da Malam zai rasu, da hantsi ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna ya ce, "Ki ce wa ƙanena na yafe masa, shi ma ya yafe mini. Ki ba shi komata ta kamun kifi." Ni kaɗai ce a ɗakin. Ran sadakar uku ƙanin ya durƙusa a bakin ƙofata yana kuka, ya ce, "Yaya, bai bar mini wata magana ba?" Na ce, "Bai ce komai ba." Da bakina na faɗa, ina sane.

Tun ranar ban ƙara samun natsuwa ba. In na ɗauki carbi sai in rasa inda na tsaya, in na ta da salla sai in manta raka'a nawa na yi. Komar tana ƙarƙashin gadona, ko shara ba na kaiwa wurin. Shi kuwa duk Juma'a sai ya dogaro sanda ya kawo mini kifi. Da wane baki zan ci?

'Yata za ta zo ta tafi da ni Tudun Wada. Ta ce, "Inna, ki zo ki huta." Wane hutu? In na faɗa, dangi za su ji na danne wasiyyar mamaci wata huɗu. In na yi shiru, ƙanin ma ƙarfinsa ya ƙare, ina tsoron ya mutu bai ji saƙon ba. Juma'ar da ta wuce ya ajiye kifin ya ce, "Yaya, ki ƙara tunawa, ko sunana bai kira ba?"

Jama'a, me zan yi?