Kururuwar da Na Saki a Kasuwar Wara

Wara, Jihar Kebbi.

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da Yaya Hauwa da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Malam Dauda, mai koya mini haɗa sauti na wasan kwaikwayo, ya sa ni shirya sautin kifewar jirgi. Da rikodar da ka aiko mini na ɗauki ƙarar inji da bugun ruwa, na sa mata uku suka yi kururuwar da ake yi in jirgi ya kife. Wautata, sai na gwada kaset ɗin a lasifika ranar kasuwa, ban sanar da kowa ba.

Yaya, kasuwa ta watse! Kwale-kwale shida suka faɗa ruwa neman mutane. Inna ta fito a guje ba takalmi, don ƙanenmu Isa ya ƙetare da safen nan. A bakin ruwa ta zube, har yau ba ta yi mini magana ba.

Sarkin ruwa ya karɓe rikodar, ya ce in zo ran Asabar. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Bala, ran da ta gaske ta tashi, in mutane suka ce kaset ne, wa ka kashe?"

Ka sa ni a addu'a, ka rubuto wa Inna ka ba ta haƙuri. A gaida kowa. Isa gobe ma zai ƙetare.

Ƙanenka,
Bala