Bayan da Ba a Taɓawa

Eshowe

Ƙanwata Nokwazi,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ba ki kyauta ba. Shekara biyar kina Durban, wai karatun likitan gyaran ƙashin baya. Ran Kirsimeti Baba ya kwanta kan tabarma gaban dangi, baki har kunne, ya ce 'yarsa ta danna masa baya ya huta. Kika naɗe hannu kika ce a'a! Har yau Kawu Mzwakhe na masa tsiya: "Ina likitar taka mai tsoron baya?" Tsoho ya daina zuwa coci don kunya. In ba ki iya ba, ki faɗa mana.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Bhekani

Durban

Yaya Bhekani,

Ina gaishe ka, a gaida Baba. Na iya! Na buɗe gawa da hannuna, na haddace jijiyoyi har kaina ya yi zafi, kuma har gobe ba na taɓa marar lafiya sai malami na tsaye a kaina. Babban abin da aka koya mana shi ne gane bayan da ba a taɓawa. Ku kuna cewa ciwon bayan Baba gajiyar yankan rake ce. Ni na ga wandon Baba yana zamewa, yana tari, gumi na jiƙa masa riga. Wallahi raina a ɓace yake. Ka bar surutun Kawu, ka kai shi asibiti a ɗauki hoton bayan.

Da girmamawa,
Nokwazi

Eshowe

Nokwazi,

Gaisuwa. Baba ya ce tun yana saurayi yake yankan rake, ba wanda ya ɗau hotonsa. Karatun da ya hana ɗiya taɓa ubanta, a kai kasuwa. Tunda hannunki ya fi ƙarfinmu, ni zan taka masa bayan, yadda shi ya riƙa taka wa Kaka.

Sai wata rana.
Bhekani

Durban

Yaya,

Gaisuwa. Kada ka kuskura! Ƙashin da ciwo ya cinye ba ya ɗaukar nauyin ƙato.

Nokwazi

Eshowe

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso a makare. Na taka, ya ce ya ji daɗi, da safe ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Muna asibiti. Sun ce tarin fuka ne ya ci ƙashin bayan. Sunanki yake ta kira.

Yayanki, Bhekani

Durban

Yaya,

A gaida Baba. Ina hanya. Kada kowa ya ɗaga shi ko ya juya shi sai ma'aikatan asibiti. Musamman kai.

Nokwazi